Mai Shiga Zauren Wani Sai Da Sallama

A makon nan zan janye ku daga hayaniyar 'yan siyasa, mu nufi arewacin Jihar Yobe, watau Nguru inda hanyar jirgin ƙasa ta tuƙe, da Gashuwa ta bakin kogi, don mu taɓa wata magana wadda mutane da yawa su ke jin nauyin yin ta a fili, alhali kuwa kowa yana yin ta a zaurensa. Maganar ita ce ta fitowar da Kiristoci su ke yi daga cikin majami'unsu, suna bin unguwanni da asibitoci da ƙauyuka don isar da abin da su ke kira bishara.

Ga abin da ya jawo ta. Kwanan baya na je dubiya wani asibiti a Nguru, ran Lahadi da la'asar, tare da wani abokina ɗan garin. Muna zaune gefen gadon majinyacinmu, sai ga waɗansu mata su biyar ko shida sun ɗaura zane iri ɗaya, irin na ƙungiyar nan ta matan coci da a ke kira Zumuntar Mata. Suka tsaya bakin ƙofa suka yi sallama, sai da aka amsa sa'an nan suka shigo. Suka bi gado gado suna yi wa mutane sannu da jiki, suna ajiye wa kowa sabulu da lemo. Da suka iso gadon wani saurayi wanda mahaifinsa, wani dattijo mai furfura, ya ke jinya, sai babbarsu ta russuna ta ce, "Baba, sannu da ɗawainiya. In ka yarda, za mu yi wa yaron addu'a irin tamu." Dattijo ya ce, "Na gode, 'yata. Gaisuwa na karɓa, addu'a kuwa muna yin tamu." Ta ce, "To Baba, Allah ya ba shi lafiya." Ta ajiye masa sabulu da lemo kamar yadda ta ajiye wa kowa, suka wuce gado na gaba. Babu wanda ya ɗaga murya, babu wanda ya ɓata fuska.

Da muka fito, abokina ya ce mini, "Ni fa abin nan ba ya kwanta mini. Tun da an bar su sun gina coci, me ya hana su zauna a ciki? Me su ke nema a gadon ɗan Musulmi?" Ban amsa masa nan take ba, domin tambaya ce wadda ta cancanci a kwana a kanta. Yau ga amsata, gare shi da duk mai irin ra'ayinsa, da kuma su kansu masu fitowar.

Yadda Aka Faro

Nguru tsohon gari ne na Musulunci. Nan ne mazaunin Galadiman Barno, wanda ya riƙe yammacin daular tun kafin Bature ya san hanyar ƙasar nan. Gashuwa kuwa ita ce hedkwatar Masarautar Bade tun da fadar Mai Bade ta taso daga Gogaram a shekarun 1940. Mangawa da Badawa da Barebari da Hausawa da Filani su ne mutanen wurin, kuma masallaci da tsangaya su ne ginshiƙin zamansu.

Addinin Kirista bai shigo Nguru a bakin mai wa'azi ba, a cikin tarago ya shigo. Hanyar jirgi ta iso Kano a 1911, daga bisani aka miƙa reshe mai tsawon kimanin mil 140 har Nguru, aka kammala shi a 1930. Jirgi ya zo don kwasar gyaɗa da ƙaro da fatu da shanu, amma ya sauke ma'aikatan reluwe da akawuna na kantunan Turawa da 'yan kasuwa, galibinsu Ibo da Yarbawa. Waɗannan baƙi su ne suka fara taruwa ran Lahadi, kowa da harshensa da ɗariƙarsa, kuma ibadarsu ta tsaya a tsakaninsu. Rikicin 1966 da yaƙin basasa sun kwashe da yawa daga cikinsu, bayan 1970 waɗansu suka komo suka ci gaba da harkokinsu.

Turawan Mishan kuwa tasu hanyar dabam ce, kuma ba ta yi musu sauƙi ba. A watan Maris na 1903, bayan cin Sakkwato, Gwamna Lugga ya yi alkawari a bainar jama'a cewa gwamnati ba za ta sa hannu cikin addinin mutane ba. Razdan-razdan suka riƙe wannan alkawari suka tsare ƙofar masarautun Musulmi, har Likita Mila na Mishan ɗin CMS, wanda ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, sai da aikinsa ya koma Wusasa, bayan ganuwa. Ƙungiyar SIM, wadda mutanenta uku na farko suka sauka Ikko a 1893, biyu daga cikinsu suka mutu kafin shekara ta kewayo, ba ta sami gindin zama ba sai a Patigi a 1902, kuma ta daɗe tana kewaya ƙasashen sarakuna ba ta sami mashiga ba.

Abin da ya buɗe musu ƙofa shi ne magani. A ƙarshen shekarun 1930 aka danƙa wa 'yan Mishan kula da zangunan kutare na En'e-En'e: SIM ta karɓi Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato, ƙungiyar SUM kuma ta riƙe Molai kusa da Maiduguri. A 1943 aka buɗe asibitin ido na Kano, a 1950 kuma asibitin Galmi a ƙasar Nijar. Ta irin wannan hanya ce SIM ta shigo yammacin Lardin Barno, ta kafa tashoshi a Kukar Gadu da Gadaka, har ta kai Gashuwa. A kudancin Yobe, a tsakanin Ngamo da Karekare, ta sami mabiya 'yan ƙasa waɗanda zuriyarsu ke nan har yau. A ƙasar Bade da ƙasar Manga kuwa, waɗanda suka sauya addini ba su taka kara sun karya ba. Mutane suka sha magani suka yi godiya, suka koma masallatansu. Mai karatu ya riƙe wannan a ransa, za mu komo kansa.

A yau masu cika majami'un Nguru da Gashuwa su ne 'yan kasuwa da malaman makaranta da ma'aikatan jinya da 'yan sanda da soja, da kuma ɗalibai, musamman tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Gashuwa a 2013. Da yawa daga cikinsu 'yan Arewa ne, daga kudancin Yobe da kudancin Barno da Adamawa da Filato, kuma da Hausa su ke ibada, da Littafi Mai Tsarki wanda aka kammala fassararsa zuwa Hausa tun 1932.

Sabon Rai Don Kowa

Al'adar fita daga coci a bi mutane inda su ke tana da tarihinta. A 1954 majami'un da SIM ta kafa suka tsaya da ƙafafunsu da sunan ECWA, suna da tasu ƙungiyar masu bishara 'yan ƙasa. Bayan kimanin shekara goma, watau tsakanin 1963 da 1964, wani Ba'amurke ɗan SIM mai suna Gerald Swank tare da shugabannin majami'u dabam-dabam suka ƙaddamar da shirin da aka sani da Sabon Rai Don Kowa, mai cibiya a Jos. Sun ɗauko tsarin daga wani shiri da aka fara a ƙasar Nikaraguwa a 1960. Tunaninsu shi ne aikin ya fi ƙarfin fasto shi kaɗai, saboda haka kowane ɗan ikkilisiya, manomi ne ko kafinta ko matar aure, sai a koya masa yadda zai yi bayanin addininsa. Aka kakkafa ƙananan ƙungiyoyin addu'a a gidaje, aka riƙa fita bibbiyu ana bin ƙofa ƙofa, 'yan waƙa kuma suna shiga ƙauyuka. A sama kuma ga rediyo: shirye-shiryen Muryar Bishara da a ke haɗawa a Jos ana watso su daga Adis Ababa tun 1963, har sojojin Habasha suka ƙwace tashar a 1977.

Kada a manta, a daidai waɗannan shekaru ne Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya ke rangadin musuluntar da jama'a a lardunan Arewa, bayan kafa Jama'atu Nasril Islam a 1962. Kowane ɓangare ya ga ɗan'uwansa ya fito fili, shi ma ya fito. Daga baya ɗariƙar Angilika ta bi sahu: a 1990, ƙarƙashin Akbishop Joseph Adetiloye, ta naɗa bishop-bishop takwas na aikin bishara a garuruwan Arewa, ciki har da Maiduguri da Katsina da Sakkwato, a 1996 kuma Damaturu ta sami nata. Matan nan da na gani a asibiti jikokin wannan tarihi ne, ko sun sani ko ba su sani ba.

To, abokina, ga kashin farko na amsarka. Musulunci da Kiristanci duka addinai ne na kira. Musulmi ba ya ganin ya sauke nauyi in ya rufe ƙofar masallaci ya yi shiru, shi ya sa mu ke da wa'azin kasuwa da wa'azin ƙasa da tafsirin azumi a lasifika da jerin gwanon Mauludi. Kirista ma haka ya ke ganin nasa nauyin. Wanda ya ce masa ya tsaya cikin coci, ya ce masa ya ajiye rabin addininsa ke nan. Dokar ƙasa ma ba ta goyi bayan haka ba, gama Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon bin addinin da ya ga dama, da ikon bayyana shi da yaɗa shi, a ɓoye ko a sarari. Wannan sashe shi ne garkuwar malamin da ke wa'azi a unguwar Hausawa ta Oweri, inda Musulmi su ne 'yan tsiraru. Ba ya yiwuwa mu riƙe garkuwar nan a can, mu jefar da ita a nan.

Inda Baki Ya Yanka Wuya

Amma samun iko dabam, sanin yadda za a yi amfani da shi dabam. Ƙasar nan ta sha ganin yadda wa'azi ya zama wuta. A watan Maris na 1987, a Kwalejin Horon Malamai ta Kafancan, wani taron ɗalibai Kirista ya rikiɗe ya zama faɗa saboda kalaman da Musulmi suka ɗauka ɓatanci ne ga addininsu. Kafin mako ya ƙare wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka ƙone wuraren ibada masu yawa, aka yi asarar rayuka. A watan Oktoba na 1991 kuma aka shirya wa wani Bajamushe mai wa'azi, Reinhard Bonnke, gagarumin taro a Kano, aka cika gari da takardun talla da motoci masu lasifika. Taron bai yiwu ba, sai gawawwaki da aka kwasa a tituna, na Musulmi da na Kirista.

Babu kalmar da ta halatta kisan kai ko ƙona dukiya, wannan magana ce yankakkiya, kuma duk wanda ya zubar da jini da sunan kare addini ya ɓata wa addinin suna. Duk da haka mai hankali ya kan duba ya ga inda aka yi tuntuɓe. A waɗannan wurare biyu an shiga zauren mutane ba sallama. An yi magana a kan abin da mutane su ke girmamawa fiye da rayukansu ba tare da an auna nauyinta ba, an ɗauki gari kamar filin da za a ci da yaƙi. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Sa'ad Da Aka Rufe Ƙofa

Akwai kuma kashi na biyu na amsar, wanda ya fi damuna. Abin da abokina ya ke so, watau kowa ya zauna cikin ɗakin ibadarsa, ai an gwada shi a Jihar Yobe, kuma ba da son ran kowa ba. Ran 4 ga Nuwamba 2011 'yan Boko Haram suka afka wa Damaturu, suka kashe fiye da mutum 100, suka ƙone majami'u da ofisoshin 'yan sanda. A watan Janairu na 2012 suka ba 'yan kudu wa'adin kwana uku su bar Arewa. Iyalai da yawa suka kwashe kayansu, waɗanda suka rage kuma suka ja katanga, suka sa masu gadi da na'urar bincike a ƙofar coci. Masifar ba ta bar Musulmi ba: ɗaliban da aka kashe a Mamudo da Gujba a 2013, da Buni Yadi da Potiskum a 2014, 'ya'yan kowa ne. A watan Fabrairu na 2018 aka kwashe 'yan mata 110 daga makarantar Dapci, a kan hanyar Damaturu zuwa Gashuwa. Da aka komo da akasarinsu bayan wata guda, aka riƙe Leah Sharibu, kuma 'yan'uwanta da aka sako sun ba da labarin cewa ƙin barin addininta ne ya sa.

Nguru da Gashuwa ba su sha wuya kamar Damaturu da Potiskum ba, amma tsoro ba ya neman izinin shiga gari. Na zauna da wani tsoho Kirista a Nguru, wanda aka haifa a barikin reluwe, Hausa a bakinsa kamar Bakano. Na ce, "Baba, yaya zaman yau da na da?" Ya ce, "Ɗana, da can in an haihu a gidan Alhaji maƙwabcina, matata ce ke kwana ɗakin mai jego. Ran Babbar Salla nama har ya yi mana yawa, ran Kirsimeti kuma shinkafarmu har gidan liman. Ba wanda ya bar addininsa saboda haka. Shekarun tashin hankalin nan kowa ya shige gida ya kulle. Yanzu jikokina ba su san sunan yaran gidan da ke kallon namu ba." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Wanda ba ka sani ba, kome aka faɗa maka a kansa sai ka yarda."

Wannan ita ce hasarar. Cocin da ya kulle kansa bayan katanga ya zama gidan da ba a san abin da a ke yi a ciki ba, kuma nan ne jita-jita ke yin ƙwai. Yaron da ya tashi bai taɓa gaisawa da Kirista ba, shi ne mai saurin karɓar jarkar fetur ran da wani ɗan iska ya ce an yi ɓatanci. Haka nan yaron cocin da bai taɓa zama zauren Musulmi ba, zai girma yana ganin kowane mai rawani abokin gaba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka ni a ganina fitowar matan nan alama ce ta lafiya ta fara komowa gari, kuma ya fi mini a gan su a asibiti da sabulu da a ce suna can bayan waya mai ƙaya suna jin tsoronmu muna zarginsu.

Kukan Malam

Amma kada masu bishara su ce na ba su gaskiya duka. A Gashuwa na kai gaisuwa wurin wani malami mai almajirai, na kawo masa wannan zance. Na ce, "Allah gafarta Malam, ko fitar nan tasu tana damunka?" Ya ce, "Malam, wa'azinsu ba ya ba ni tsoro. Turawa sun yi shekaru a garin nan suna ba da magani, kakanninmu suka sha, ba su bar salla ba. Wanda ya san karatunsa ba a ruɗa shi. Abin da na ƙi shi ne a zo wa mayunwaci da buhun masara a hannun dama da takarda a hannun hagu, ko a tara yara ƙanana da alewa iyayensu ba su sani ba."

Kukan Malam yana kan hanya, kuma ba shi kaɗai ke yin sa ba. Manyan Kiristocin duniya da kansu sun yarda da shi. A watan Yuni na 2011, a birnin Janeba, Majalisar Majami'u ta Duniya da ofishin Fafaroma mai kula da hulɗa da sauran addinai da Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Masu Bishara ta Duniya suka fitar da takarda guda a kan ladubban wa'azi a cikin mutanen da addininsu ya bambanta. A ciki sun hana amfani da talauci ko rashin lafiyar mutum don jawo shi, sun hana ruɗi da kyauta, sun hana yi wa addinin wani ƙarya. Shi kuma Sashe na 38 da na ambata, a sakin layinsa na biyu, ya hana a tilasta wa ɗalibi karatun addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Ashe abin da Malam ya ke nema ba sabon abu ba ne.

Don haka ga shawarata ga majami'un Nguru da Gashuwa, da samarin nan masu yi wa ƙasa hidima da su kan shiga ƙauyuka da magunguna da tufafi da almakashin aski. In za ku shiga ƙauye, ku fara da ƙofar Bulama da Lawan, ku faɗi ko ku su wane ne da abin da ya kawo ku, kada ku ɓoye sunan coci a bayan sunan taimako, gama da ɗan gari a kan ci gari. In kun kawo magani ko hatsi, ku ba wanda ya saurare ku da wanda ya ƙi, daidai wa daida, kamar yadda matar nan ta ajiye wa dattijo sabulunsa bayan ya ƙi addu'arta. Ku faɗi abin da ku ka gaskata, ku bar abin da maƙwabcinku ya gaskata, musamman sunan Annabi Muhammadu (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) da Alƙur'ani, domin nan ne wutar ta ke. Yaro kuwa na iyayensa ne, kada a kira shi sai da saninsu. Lasifika ma a san lokacinta da inda za a juya bakinta. In an ce muku a'a, ku karɓa da fara'a ku wuce, gama shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma gobe ma rana ce ta gaisuwa.

Hakkin Mai Gida

Su kuma masu rinjaye, nasu nauyin ya fi girma, domin mai gida shi ke da alhakin baƙo, balle wanda kakansa aka binne a garin, wanda kiransa baƙo ma zalunci ne. Tarihin Musulunci ya nuna cewa sa'ad da aka tsananta wa Musulmin farko a Makka, wurin sarkin Habasha, Kirista, suka sami mafaka, kuma an karɓi tawagar Kiristocin Najran a Madina aka yi muhawara da su cikin mutunci suka koma gida lafiya. A zamaninmu ma mun ga misali. A watan Yuni na 2018, sa'ad da aka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi a Jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye fiye da mutum 200, akasarinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya bakin ƙofa ya hana maharan shiga. Limamin nan bai rage kome daga addininsa ba, sai ma ɗaukaka shi da ya yi a idon duniya.

Wanda ba ya son wa'azin wani, yana da ikon ya ce ya gode ya rufe ƙofarsa, kamar yadda dattijon asibiti ya yi. Wanda ya ga an wuce gona da iri, ga Bulama, ga Hakimi, ga fadar Mai Martaba, ga 'yan sanda da kotu. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ɗaukar doka a hannunsa. Wanda kuma ya ke tsoron za a janye masa 'ya'ya, to, ya karantar da su, ya ciyar da mayunwacin unguwarsu, ya riga kowa zuwa dubiya asibiti. In Zumuntar Mata ta riga ka zuwa gadon ɗan'uwanka, laifin ba nata ba ne.

Hukuma ma tana da nata. Shugabannin Kirista na jihohin Arewa sun daɗe suna kuka a kan wahalar samun takardar filin gina majami'a da ƙarancin malaman addininsu a makarantun gwamnati. Ya kamata a duba waɗannan koke-koke da idon adalci, a yi wa kowa hukunci da mudu ɗaya. In za a sa doka a kan lasifika ko wa'azin kan titi, ta hau kan kowa. Sarakunan Nguru da Bade kuwa, da ya ke su ne iyayen ƙasa, babu abin da zai fi kyau irin su riƙa tara limamai da fastoci a kai a kai tun ana zaman lafiya, don su san fuskokin juna da lambobin wayar juna kafin ranar da za a bukace su. Rigakafi ya fi magani.

Daga ƙarshe, ga wani fili wanda ya ishi kowa. Ciwon ƙoda ya daɗe yana cin mutane a ƙasar Bade, ba ya tambayar addinin wanda zai kama. Ambaliyar 2022 ta rushe gidaje da gonaki a Gashuwa da kewayenta, ba ta tsallake gidan liman ko na fasto ba. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Nguru, ta hana masunci da manomi abinci. Duk mai son ya nuna wa jama'a kyan addininsa, ga inda zai nuna shi. A fito a yi tsere wajen ba da jini da kwashe kacala da ɗaukar nauyin marayu, jama'a kuma suna da ido, za su ga wanda ya zo don Allah da wanda ya zo don ƙidayar kawuna.

Abokina na Nguru, na san za ka karanta wannan, kuma na san ba lalle ka yarda da ni duka ba. Amma ka tuna da abin da muka gani tare: mace ta yi sallama, ta nemi izini, dattijo ya ƙi cikin mutunci, ta karɓa cikin mutunci, yaro kuma ya sami sabulunsa. Dattijo ya kwana da addininsa, ita ma ta kwana da nata, gari kuma ya kwana lafiya. In manyanmu masu rawani da masu kwala za su iya abin da waɗannan mutum biyu suka yi, da an huta.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.